A Bar Malamin Bayoloji Ya Yi Aikinsa

Da zarar malamin bayoloji a Batsari ko Safana ya taɓo batun kwafar halitta don dawo da dabbar da ta ƙare a doron ƙasa, sai a yi masa caa. Wasu su ce shisshigi ne cikin ikon Allah. Wasu su ce zancen ƙoshi ne, mu da 'yan bindiga suka hana noma. Duka biyun ban yarda ba.

Na farkon ma malaman addini sun daɗe da yanke shi. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta zauna a Jidda a 1997, shekara guda bayan haihuwar tunkiyar nan Dolly da aka samar ta hanyar kwafa, ta haramta kwafar ɗan Adam, ta halatta ta a dabbobi da tsirrai bisa sharuɗɗan shari'a. Wanda ya fi su taka-tsantsan, bismillah, ya kawo hujjarsa.

Da masu sukar za su zauna a ajin, da hankalinsu ya kwanta. Ƙwayar gado ake cirewa daga ƙwan wata dabba, a zuba ta wadda ake son kwafa, a dasa a mahaifar uwar goyo. Babu wanda ya halicci komai. Da kayan Allah ake aikin, kuma da ƙyar yake yiwuwa. A Sifaniya, wata irin akuyar duwatsu ta ƙare a 2000. An haifi kwafinta a 2003, amma huhun ya zo da naƙasu, ta mutu cikin 'yan mintuna.

Masu zancen ƙoshi kuwa sun manta inda yaran nan suke zaune. Ga dajin Rugu a ƙofar gidansu, gatari da gawayi da bindiga sun cinye shi. A ce an dawo da dabbar, a ina za a sake ta? Yaron Safana ya fi na Landan gane nauyin wannan tambaya.

A nuna masa Nijar, nan maƙwabta. Raƙuman dawan Kure sun ragu zuwa 49 a 1996. Tsaro da haɗin kan ƙauyuka kawai, ba ɗakin gwaji ba, suka kai su sama da 600, har aka kwashi takwas zuwa Gadabeji ta jihar Maraɗi a 2018.

Sannan a tura ajin zuwa mahauta su ƙirga ungulu. Su dawo su faɗa wa masu hana darasin nawa suka gani, da kuma nawa ake sayar da kanta a wurin masu magani.