Sifili ɗaya na iya hana manomi kuɗinsa

Kai da aka sani da iya kwamfuta a Zauro, in manoman shinkafa sun ba ka sunayensu ka haɗa a Excel, ka kula. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce, wasu da sifili suke farawa. Ka kwafo ka manna da garaje, Excel ya haɗiye sifilin, su koma 9. Kuɗin Baba su maƙale, ya yi ta zarya Birnin Kebbi.

In daga wani fayil ɗin Excel ka kwafo, zaɓi Keep Source Formatting. In daga WhatsApp ne, fara mayar da layin Text. Sannan ƙirga alƙaluman kafin ka tura. Amana ce aka ba ka, malam.