Risho a Ƙasar Sanyi: Ina Mai Yake Tafiya?

A ƙasashen sanyi kamar Ingila da Amurka mutane sukan fita hawan duwatsu, su kafa tanti su kwana a daji, kowa da ɗan rishonsa na dafa abinci. Da yawansu suna zaton risho mai tsada, mai babban harshen wuta, shi ne maganin sanyi. Wannan zato kuskure ne. Matafiyin da ya san hanyar tsare zafin wutarsa ya fi wanda ya dogara ga tsadar rishonsa.

Babban ɓarawon mai shi ne iska. Idan tana kaɗawa, takan kwashe zafi tun bai taɓa gindin tukunya ba, mai yana ƙonewa, ruwa kuwa ya ƙi tafasa. Masu shayi a lokacin hunturu sun daɗe da sanin haka, shi ya sa sukan kāre wutarsu. Kariya daga iska, da murfi a kan tukunya, da rage wuta kada harshenta ya zarce gindin tukunya, waɗannan uku sun fi kome rage ɓarnar mai.

Sanyi kuma yana da nasa aikin. Gas ɗin da ake kira butan ruwa ne a cikin gwangwani, kuma yakan daina zama tururi idan sanyi ya kai wajen digiri 0 a ma'aunin Santigiret, watau inda ruwa ke daskarewa. Sa'an nan sai wuta ta yi rauni ko ta mutu, alhali gwangwani cike yake. Furofan ba ya kasawa sai wajen digiri 42 ƙasa da sifiri. Rishon kananzir mai famfo, irin Primus da aka ƙera a Suwidin a 1892, matsin iskar famfonsa ne ke tura mai, saboda haka sanyi ba ya hana shi ci. Da irinsa Amundsen ya kai tsakiyar ƙurewar kudancin duniya a 1911.

Har wa yau, inda babu ruwa sai ƙanƙara, zafin da zai narkar da kilo 1 nata ya yi daidai da wanda zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa 80. A can ƙarewar mai ƙishirwa ce. A 1912 Kyaftin Scott da mutanensa, kan hanyar dawowa, sun tarar kananzir ya ragu a gwangwanayen da suka ajiye, kuma wannan na cikin abubuwan da suka haɗu suka hallaka su.

Amma fa a yi hattara da abu biyu. Kada a kewaye gwangwanin gas da kariya har ya yi zafi, domin yana iya fashewa. Kada kuma a gudu daga iska a kunna risho cikin rufaffen tanti, domin wuta tana fitar da guba marar launi, marar wari, mai kashe mutum yana barci. A kāre wuta daga iska, amma a bar wa hayaƙi hanyar fita.