Tocila ta gani ce, kada a ɗaure ta a bakin bindiga

Yau maganata a kan tocila ce, ƙaramin abu wanda ba rugar da ta rasa shi, amma zaɓensa ya soma jawo mana fitina.

Ranar kasuwa na ga samarinmu sun yi cincirindo wajen wani ɗan tireda suna sayen irin tocilan nan mai maƙali, wadda ake ɗaurawa a bakin bindiga. Ni ban yarda da ita ba. Dalili kuwa, duk abin da ka haska da ita ka riga ka auna shi ke nan. In ka ji motsi bayan garke ka ɗaga don ka duba, wataƙila kura ce, wataƙila kuma ɗanka ne ya fito kama ruwa, ga shi yatsanka na kusa da kunama. Bara wani maharbi ya harbe mini karsana da dare, ya rantse ya zaci barewa ce. Ban ƙaryata shi ba, domin idon saniya da na barewa duk ƙyalli suke yi in haske ya faɗa musu. Amma karsana ta tafi.

Kuma mu sani, a nan Nijar doka mai lamba 98-07 ta shekarar 1998 ta hana farautar dare, da fitila ko babu fitila. In ma'aikatan gandun daji suka same ka da wannan haɗi, ba wanda zai saurari cewa gadin dabbobi kake yi. Balle a wuraren da tsaro ya taɓarɓare, inda Bafillace da sanda kaɗai ma ana yi masa kallon zargi.

To wace za a saya? A ganina fitilar goshi ta fi kowace amfani ga makiyayi. Hannunka biyu a sake suke, ko saniya na naƙuda ne, ko kana kwance maraƙi daga igiya, ko kana loda shanu a mota kafin asuba. Sai ka haɗa da ta hannu guda ɗaya mai kai haske nesa, saboda neman dabbar da ta ɓata. Ƙarfin haske da lumen ake auna shi. Lumen 100 zuwa 300 ya ishi aikin ruga. Mai 1000 tana shan caji kamar rairayi, tana kuma firgita garke in ka dalle su a fuska. Lambobin da ake bugawa jikin kwalin masu araha kuwa, yawancinsu cika baki ne. Ka sa mai kaya ya kunna, ka girgiza ta, in ta yi ƙifce ka aje masa abarsa.

Wanda ke tafiya mashekari, nesa da wurin caji, ya riƙe mai manyan duwatsu, ko ya nemi ɗan faifan sola. Ku riƙa cire duwatsun in za a daɗe ba a kunna ba, don suna yoyo su cinye ƙarfen ciki. Mai caji kuma kada a bar ta cikin rana ko kusa da murhu. Tun da zancen ya zo, tsohon batirin babur ko na mota kada a yar da shi inda maruƙa za su lasa, dalmar da ke ciki tana kashe su.

Mai fama da kura ya duba dabarar wani yaron Masai a Kenya, Richard Turere, wanda ya ba da labarinta a taron TED a 2013. Ƙananan fitilu ya jera kewaye da shingen shanun babansa, suna kunnuwa suna mutuwa bi da bi, da batirin mota da sola, sai zakuna suka ɗauka mutum ne ke zagayawa da tocila, suka daina kusantowa. Masu gyaran rediyo na garuruwanmu za su iya haɗa irinta, kuma zan kawo maganar a taron reshenmu mai zuwa don mu gwada a ruga biyu ko uku.