A Bar Dashe Ya Kama Kafin A Hau Kansa

Edita,

Ina so in tofa albarkacin bakina a kan wata muhawara da ake yi a wasan kurket. Na san wasu za su ce ina ruwan mai tireda da kurket? To, ai tun da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a gasar duniya a Malesiya cikin 2025, wasan ya zama namu.

Ga wanda bai sani ba, a tsakiyar filin kurket akwai wani ɗan tsiri mai tsawon yadi 22. A nan mai jifa ke wurga ƙwallo ta daki ƙasa, ta tashi, mai sanda ya buge ta. In ƙasar ta yi tauri ƙwallo ta yi tsalle sosai, in ta tsattsage ƙwallo ta karkace. A da, a wurin ake rainon wannan tsiri shekara da shekaru. Yanzu kuwa wasu a cikin faranti na ƙarfe suke shuka shi a wani wuri dabam, in lokacin wasa ya zo a ɗauko da babbar mota a jefa a rami.

A Ostireliya abin ya samo asali. A 1977 wani attajiri mai gidan talabijin, Kerry Packer, ya kafa tasa gasar, hukumar kurket ta hana shi manyan filayenta. Sai ya sa wani gwanin gyaran fili, John Maley, ya raini tsirin a cikin rumfunan shuka, aka kai filayen da ba na kurket ba. Daga baya babban filin Melbourne ya rungumi dabarar, na Adelaide ya bi sahu a 2013. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne: da sanyi ana buga irin ƙwallon ƙafarsu a filin, da zafi a buga kurket. Rumfa ɗaya, ciniki biyu, wane ɗan kasuwa ne zai ƙi?

Masu suka na cewa kowane gari da halin ƙasarsa, kamar yadda ƙasar fadama ta bambanta da ta jigawa, amma faranti ya sa duk filaye sun zama abu ɗaya. Suna kafa hujja da wasan Ostireliya da Ingila a Melbourne a Disamba 2017. Kwana biyar aka yi ana fafatawa, ƙasa ta mutu murus, Alastair Cook shi kaɗai ya ci maki 244 ba a fitar da shi ba, aka tashi babu wanda ya yi nasara. Hukumar kurket ta duniya ta ce tsirin ba shi da kyau.

Ni dai ban yarda laifin faranti ba ne. Ai a wannan filin, da wannan dabarar, a 2021 aka tarwatsa Ingila da maki 68 kacal. Ke nan magana tana hannun mai raino.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Amurka a 2024. Domin gasar cin kofin duniya, aka kafa filin wucin gadi mai cin mutum 34,000 a kusa da birnin New York. Tsiri goma aka raina a jihar Florida ƙarƙashin kulawar ƙwararru daga Adelaide, aka loda a tireloli, aka yi tafiyar fiye da mil 1,000, aka dasa su saura 'yan makonni a fara wasa. Jama'a, duk wanda ya taɓa dashen shinkafa ko albasa ya san dashe sai ya kwanta ya tashi kafin ya kama. Su kuwa ko wasannin gwaji isassu ba a yi a kai ba. Me ya biyo baya? Sri Lanka ta ƙare da maki 77, Ireland da 96. Wata ƙwallo ta bi ƙasa kamar ɓera, wata ta yo sama ta nufi fuska. Kyaftin ɗin Indiya, Rohit Sharma, sai da ya fita daga wasa bayan ƙwallo ta same shi a hannu. Hukumar da kanta ta fito ta amsa cewa tsirin bai yi yadda aka so ba. Ƙwallon kurket fa tauri gare ta kamar dutse, ba abin wasa ba ce. Ana gama wasannin da aka tsara a wurin kuma aka kwance filin kamar rumfar biki.

Saboda haka ina kira ga masu riƙe da harkar wasanni a ƙasar nan, kada wata rana wani ɗan kwangila ya zo musu da hoton Melbourne su ce mu ma sai mun sayo. Su suna da injin ɗauka da ma'aikata masu albashi shekara cur. Mu kuwa abin da yaranmu ke nema shi ne fili, da rijiyar burtsatse ta ban ruwa, da abin daddaɓe ƙasa, da mutum guda da za a koya wa aikin a kuma riƙa biyansa a kan kari.

 

Naka mai karatu kullum,
Wani mai tireda, Zariya.