Tsofaffin Tashoshin Jirgin Ƙasa: Fa'idodi da Illolin Barinsu a Tsaye

Duk wanda ya bi tsohon layin dogo daga Zariya zuwa Kano zai ratsa Likoro a ƙasar Kudan, sannan Gimi a ƙasar Makarfi. Layin ya isa Kano a 1911, shekara goma bayan rasuwar Sarauniya Biktoriya, amma injiniyoyin da suka shimfiɗa shi horon zamaninta suka sha. Da wannan horo suka gina ƙananan tashoshin karkara: bango mai kauri, rufin kwano mai tsayi, baranda, 'yar tagar sayar da tikiti, ga gidan shugaban tasha a gefe.

Babbar fa'idar irin wannan gini ita ce darasin da yake bai wa maginanmu. Ka shiga barandarsa da rana tsaka a watan Afrilu, ka dafa bangon, za ka ji sanyi har cikin tafin hannunka. Kaurin bango ne da tsayin rufi, ba fanka ba lantarki. Mu kuwa yau bulo mai rami muke jerawa, mu kifa masa kwano dab da kai, sannan mu kwana muna fifita. Ga kuma tarihi. Ta tashoshin wannan layi gyaɗa da audugar kakanninmu suka gangara Legas, kuma yaron da aka kai ya ga sikeli da ma'ajiyar kaya da idonsa ya fi wanda aka karanta wa a aji fahimta.

Illolin ma ba na rainawa ba ne. Ginin da ba kowa cikinsa kan zama gidan jemagu da macizai, da dare kuma maɓoyar 'yan shaye-shaye. Ɓarayin ƙarfe su kwance ƙofa, su ɓalle taga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne filin na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ne, saboda haka mutanen gari na kallo rufi na yoyo, ba damar su taɓa. Kuɗin gyara kuma ba kaɗan ba ne a garin da asibitinsa ke jiran magani. Akwai masu cewa me za a adana a aikin da aka yi da gumin talakawan da aka ɗiba dole? Gaskiya ne an yi aikin tilas. Ni dai a ganina gumin nan ne ma ya sa ginin ya zama namu.

Mun riga mun ga yadda layi ke mutuwa. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Soba da Dutsen Wai zuwa ma'adinan kuzar Jos an rufe shi a 1957, yau yara da yawa ba su san an yi shi ba. A Ingila, bayan rahoton Beeching na 1963 an rufe tashoshi bila adadin, amma da dama sun tsira domin an mai da su gidajen zama da shagunan shan shayi.

Tun 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano, hankali duk ya koma can. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Makarfi da Kudan da hakimanmu su nemi hayar tsofaffin gine-ginen daga hukumar, a gyara rufi, a ba ƙungiyoyin manoma su riƙa ajiye taki da hatsi, tun kafin wata daminar ta zo.