Dashen Haƙori: Hoton da Ka Tura ta WhatsApp Bai Isa a Tsara Maka Aiki Ba

Asibitocin haƙori na ƙasashen waje, musamman na Turkiyya, sun cika Instagram da tallan dashen haƙori. Tsarin kusan iri ɗaya ne: ka tura hoton ƙashin bakinka ta WhatsApp, kafin yamma a faɗa maka haƙora nawa za a dasa da abin da za ka biya. Idan kai ko wani naka na shirin wannan aiki, a gida ko a waje, ya kamata ka san abin da hoton yake nunawa da abin da yake ɓoyewa.

Dashen haƙori huda ƙashin muƙamuƙi ne a ɗaura wani ɗan ƙarfe na taitaniyom mai kama da noti, wanda zai zama saiwar sabon haƙorin. Matsalar ita ce ƙashin ba shi kaɗai yake a wurin ba. A cikin muƙamuƙin ƙasa, ƙarƙashin turame, akwai wata jijiya da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji. Idan abin huda ya taɓa ta, leɓen na iya mutuwa na makonni ko watanni, wani lokaci har abada, ko ya riƙa zugi kamar ana ƙona shi. A muƙamuƙin sama kuma akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda ƙarfen zai iya faɗawa ciki. Tazarar da ke tsakanin aiki mai kyau da waɗannan raunuka milimita kaɗan ce.

Hoton da yawancin mutane ke turawa shi ne mai faɗin nan da ke nuna haƙora duka a jere, wanda likitoci ke kira OPG. Hoto ne mai amfani, yana da arha, kuma hasken radiyeshan ɗinsa kaɗan ne. Amma yana ƙara wa ƙashi girma, galibi da kashi 20 zuwa 30 cikin 100, kuma ƙarin ba ɗaya ba ne a ko'ina. Yana canzawa da yadda ka ajiye kanka a cikin na'urar. Ƙashin da ya nuna milimita 12 a hoto zai iya kasa kaiwa 10 a bakinka. Abin da ya fi wannan muni shi ne hoton shimfiɗaɗɗe ne: yana nuna tsayin ƙashi, ba ya nuna kaurinsa daga ɓangaren kumatu zuwa ɓangaren harshe. Ƙashi zai iya fitowa da tsayi a hoto alhali ya sirance kamar bakin wuƙa. To ina ga an ɗauki hoton hoton da waya, sannan WhatsApp ya matse shi?

Wannan giɓin ne hoton CBCT, wanda ya shigo aikin haƙori a ƙarshen shekarun 1990, ya zo ya cike. Na'urar tana zagaye kai, kwamfuta ta haɗa siffar ƙashin ta kowace fuska, likita ya yanka ta yadda yake so ya auna tsayi da kauri da inda jijiya ta bi. A 2012 ƙungiyar ƙwararrun hoton baki da muƙamuƙi ta Amurka ta ba da shawarar a yi irin wannan hoto mai nuna kauri kafin kowane dashe. Ƙwararrun Turai sun fi taka tsantsan: a yi shi idan duba baki da hoton yau da kullum ba su amsa tambayar ba, domin haskensa ya fi na OPG yawa, wani lokaci ninki da yawa idan an ɗauki kai gaba ɗaya. A ganinmu, idan dashen na turamen ƙasa ne, ko kusa da kogon iska, ko an daɗe da cire haƙorin, babu hujjar tsallake shi.

Sai dai kada tallar "hoto na zamani" ta sa ka ɗauka an gama. CBCT ma yana kuskure. Yawanci kuskuren awonsa bai kai milimita 1 ba, amma yakan wuce hakan, musamman idan ka motsa lokacin ɗauka, ko akwai ƙarfe a bakinka irin haƙorin makka ko tsohon ciko, wanda ke watsa haske ya ɓata hoton kusa da shi. Ba a kuma dogara da shi wajen auna ƙarfin ƙashi kamar yadda ake yi da babban CT na asibiti.

Ko da awon ya yi daidai, hannu ne zai yi hudar. Yanzu ana buga wani ƙalibi na roba daga hoton, a ɗora shi a kan haƙora ya yi wa abin huda jagora. Wani nazari na 2018 da ya tattara bincike da dama kan wannan hanya ya gano cewa matsakaicin kaucewar ƙarfen daga inda aka tsara ya kai kusan milimita 1.2 a bakin rami, 1.4 a ƙarshensa. Shi ya sa likitocin dashe ke barin aƙalla milimita 2 tsakanin ƙarshen ƙarfe da jijiya. Kana da ikon tambaya: milimita nawa ka bari? Likitan da ya tsara aikinsa zai juyo maka da allon kwamfuta ya nuna maka.

Ka kuma duba ranar da aka ɗauki hoton. Bayan cire haƙori ƙashin wurin yana zaizayewa, kuma zai iya rasa kusan rabin kaurinsa cikin shekara guda, mafi yawa a watanni ukun farko. Hoton bara ba bakinka na bana ba ne.

Idan za ka yi tafiya, ka ɗauki kuɗin da aka faɗa maka ta waya a matsayin ƙiyasi, ka tanadi cewa bayan CBCT za a iya ce maka sai an ƙara ƙashi an jira watanni. Ka nemi a ba ka ainihin fayil ɗin hoton a filas tare da sunan kamfanin ƙarfen da girmansa, saboda likitan da zai duba ka bayan ka dawo. Idan kuma allurar kashe zafi ta sake ka amma leɓe ko haɓa ba su dawo da ji ba, ka kira likitan a ranar, domin idan ƙarfen ne ya danne jijiya, cire shi cikin kwana ɗaya ko biyu ya fi ba ta damar warkewa.