Shagon Babanmu a Hoton Baƙi

Duk wanda ya rubuta "Bagega" a Google ya san abin da zai gani: yara a hannun iyaye mata, mutane cikin ƙura suna fasa dutse, sai labarin gubar dalma. Ni ɗan garin ne, daga ƙaramar hukumar Anka. Tun da na shigo makarantar nan, in na faɗi garinmu sai a ce, "Au, garin dalma?" Na daina jin haushi, don abin ya faru. A watan Maris na 2010 ne likitocin MSF suka gano cewa dalmar da ke cikin dutsen zinari ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, kuma yara sama da 400 suka rasu.

A zangon da ya wuce ina neman hoton da zan sa a furojet, sai na ci karo da wani hoton titi. Abin da aka rubuta a ƙasansa da Turanci shi ne gari ne da dalma ta gurɓata, ba shekara, ba sunan unguwa. Can gefe akwai wani shago mai ƙyauren duro da benci a gaba. Gabana ya faɗi. Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi tireda a garin, kuma ba mu da hoton shagon ko ɗaya. Yanzu ma ginin ya rushe.

Amma so ba hujja ba ne. Shago mai ƙyauren duro ai ya fi a ƙirga a ƙasar Zamfara. Sai na zuƙo hoton na fara bi a hankali. A saman ƙofar akwai allon tallar katin waya na Zain. Kamfanin ya ɗauki wannan suna a 2008 bayan Celtel, ya koma Airtel a ƙarshen 2010. Sai dai allo kan daɗe a bango bayan an canza suna, saboda haka bai ishe ni ba. Abin da ya taimake ni shi ne fosta a jikin katanga, sabuwa fil, ta Mamuda Aliyu Shinkafi da lemar PDP. A ANPP ya ci gwamna a 2007, daga baya ya sauya sheƙa, ya yi takara a PDP a 2011, Abdul'aziz Yari ya kayar da shi. Ke nan an ɗauki hoton a kakar zaɓen 2011, lokacin da Baba ke zaman shagon.

Lokaci ya fito, saura wuri. A nan intanet ta gaza, dole na koma wajen Inna a hutu. Ta riƙe wayar ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Wanga ai ba shagon ubanku na ba, na maƙwabcinai na. Duba baya, inda tsamiyag ga take." Ashe shagon da na shafe makonni ina kallo na wani ne. Namu shi ne na bayansa, rabinsa kawai ya fito. Ta gane shi ne da kwanon rufi mai launi biyu, don iska ta yaye rabi a daminar da aka haifi ƙanwata, Baba ya cike da sabon kwano. Na kai wa Baffa hoton ban gaya masa abin da Inna ta ce ba, shi ma ya ɗora yatsa a kan rufin nan.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, a ganina mu ɗalibai muna sakaci da aikin da babu wanda ya fi mu dacewa da shi. Muna da waya, mun iya bincike, kuma har yanzu muna da tsofaffi a gida. Hotunan garuruwanmu suna hannun 'yan jarida da ma'aikatan agaji, su kuma abin da ya kawo su shi suka ɗauka. Ba na zarginsu. Ba don hotunan nan da gangamin #SaveBagega na su Hamzat Lawal ba, da wataƙila gwamnatin Jonathan ba ta saki kuɗin tsaftace garin a Janairun 2013 ba. Amma baƙo ba zai san rufin wa iska ta yaye ba.

Wani abokina a hostel ya ce mini, "Malam, mutane na gudun 'yan bindiga, kai kana maganar tsohon hoto?" Ai shi ya sa. A 2013 an kankare ƙasar tsakar gidaje da tituna an zuba sabuwa. Bayan nan rashin tsaro ya watsa mutanen ƙauyukan yankin, wasu Anka, wasu Gusau. Mai gudun ransa ba ya tsayawa ɗaukar albam. In ya koma wata rana ya tarar da kango, me zai nuna a gaban mai unguwa cewa nan ne filin ubansa? Hoto ba takardar fili ba ne, na sani, amma hoto da shaidar dattijai biyu ya fi baki kawai.

Na wanke hoton a Gusau, na rubuta a bayansa unguwar, da shekarar, da sunan wanda ya shaida kowane abu. Saura mutumin da ke zaune a kan benci ya ba kyamara baya. Inna ta rantse Baba ne, wai ta san hular. Baffa ya ce Baba bai taɓa zama a bencin maƙwabci da rana tsaka ya bar shago ba kowa ba. Na rubuta maganar kowannensu, da sunansa a gefe.